Yatsa Biyu a Wuyan Kwalba

Na tsufa, abubuwa da yawa sun fara sulalewa daga kaina, har akwai ranar da na tayar da gida neman carbi alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai al'amari guda da na tabbata da shi za a rufe ni. Shi ne lokacin da na ga ruwa ya ragu ba wanda ya sha, ya kuma dawo ba wanda ya ƙara, ni kuwa a tsakanin raguwar da dawowar na yi ɓarnar da har yau ban gama gyarawa ba.

A lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna. Ni mai awon hatsi ne a kasuwa, kuma in gaskiya za a faɗa, kaina yana da girma a kan sana'ar. Daga nesa in na hangi mudu ina iya cewa an cika shi ko an yi masa ƙwange, kuma ba a cika kama ni da kuskure ba. Wannan ya sa na taso da imanin cewa abin da aka auna ba ya sauya kansa. In ka bar gero a baki ɗaya ka dawo ka tarar ya yi ƙasa, to hannu ne ya shiga, ko na mutum ko na ɓera. Ga ni kuma da saurin fushi, wanda a lokacin nake kira rashin son wargi.

A gidana akwai matata, akwai kuma yayata. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, don haka Yaya ce ta goye ni, ta yaye ni da kunu, ta riƙa cin duka a madadina in na yi ɓarna. Da mijinta ya rasu sai na je na ɗauko ta, na gina mata ɗaki a gidana. Ɗanta guda yana noma a Tsafe, ya so ta koma wurinsa, ta ce a'a, ba ta gama renon auta ba. Haka take kirana, Auta, ko da gemu ya cika mini fuska.

Mahaifinmu kuwa ya tafi aikin Hajji a ƙasa, irin tafiyar da, wadda mutum kan yi sallama kamar ba zai dawo ba. Shekara bakwai ya yi. Mun riga mun fara yi masa addu'ar da ake yi wa mamata, sai ga labari wai an gan shi a cikin ayarin da ya sauka Tsafe. Bayan kwana biyu ya iso Gusau, ana tsakiyar bazara, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya. Ya rame ya yi baƙi, amma da ransa. Da aka gama koke-koke da gaishe-gaishe, wajen la'asar, sai ya ja ni da Yaya zuwa zaure, ya kwance mangalar jakinsa, ya ciro wata kwalba daga cikin tsumma.

Ban taɓa ganin irinta ba. Koriya ce, cikinta ya kusa ƙaramin tulu, wuyanta kuwa dogo siriri kamar karan dawa. An toshe bakin an liƙe da kakin zuma. Ruwan Zamzam ne a ciki, ya hau har tsakiyar wuyan. Na karɓa da hannu biyu, na ji ta da ɗumi saboda ta yini a bayan jaki cikin rana. Na ji ɗumin nan sarai, amma ban ba shi wata ma'ana ba.

Baba ya ce, "Wanga ruwa ba don sha niɗ ɗauko shi ba. Likkafanina za a yayyahwa ma shi. In na kai shi gida Bungudu jama'a za su roƙe ni, ni ko ban iya hanawa. Ku aje mini shi nan har ranar."

Sai ya zare wani baƙin zare daga bakin rawaninsa, ya ɗaura a wuyan kwalbar daidai inda ruwan ya tsaya. Ba don yana zargin kowa ya yi ba, shi dai mutum ne mai son komai da alama. Ni kuwa abin ya yi mini daɗi ƙwarai, don an shigo fagena. Washegari ya wuce gida Bungudu. Na damƙa kwalbar a hannun Yaya, tunda ɗakinta ba yara, ba mai shiga sai ita.

Daga nan ban sake duba kwalbar ba. Yaya, saboda girmama abin, sai ta ga bai kamata ruwa mai daraja haka ya zauna cikin zafi ba. Ku da kuka tashi da randa kun san yadda ake yi, ana tara yashi a lungun ɗaki a jiƙa shi, a ɗora randar a kai don ruwan ya yi sanyi. To a cikin wannan jiƙaƙƙen yashin ta binne cikin kwalbar, ta bar wuyan a waje, ta kifa ƙwarya a kai. Kullum in ta jiƙa wa randarta yashi sai ta jiƙa wa kwalbar.

Ana haka damina ta sauka, matata kuma ta zo haihuwa. Naƙudar ta yi tsanani, kwana biyu ana abu ɗaya, har mata suka fara fitowa suna share ido. Ina zaune a zaure na ji muryar Yaya daga ciki tana cewa da Baba yana kusa da an roƙe shi ɗigo ɗaya. Maganar ta wuce, Allah ya sauke matata lafiya, aka sami ɗiya mace. Amma maganar nan ta sami wuri a kaina ta kwanta.

Ana jibi suna, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, sai kawai na ce wa Yaya ta ɗauko mini kwalbar in gani. Ta ɗauko tana murmushi, tana kakkaɓe yashi daga jikinta. Na ɗaga ta sama wajen haske. Ruwan ya bar zaren. Na ɗora yatsuna a wuyan na auna, yatsa biyu cif tsakanin zaren da ruwan. Na taɓa zaren ko ya zame, yana nan ɗaure tam inda Baba ya bar shi. Na girgiza, na ajiye, na sake ɗagawa. Yatsa biyu.

A nan ya kamata in faɗi abin da na fi jin kunyarsa. Na duba kakin da ke bakin kwalbar, yana nan lafiya lau, har da shatin babban yatsan wanda ya liƙe shi. Idona ya gani. Amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci, sai na ce wa kaina ai kaki ne, ana iya narkewa a mayar. Kuma ko da ma ta ɗiba, don wa ta ɗiba? Don matata da 'yata. Wannan tunanin bai zo mini ba sai da aka yi kwanaki. A ranar abin da nake gani kawai shi ne an ba ni amana, an yi alama, alamar ta nuna an taɓa.

Tsakar gida cike take da mata 'yan barka, wasu na daka, wasu na hura wutar ruwan wanka. A gabansu na tsaya da kwalba a hannu. Ban ja Yaya gefe ba, ban sassauta murya ba. Na tambaye ta ina ruwan ya tafi. Ta dubi wuyan kwalbar, na ga ita ma ta razana, ta ce wallahi ba ta sani ba, ita dai ba ta taɓa buɗewa ba. Na ce to aljanu ne suka sha ke nan. Na tuna mata maganar da ta yi ranar naƙuda. Na ce ta ci amanar likkafanin ubanta. Daga ƙarshe na ce a ɗauko Alƙur'ani ta dafa.

Masu daka suka tsaya. Matata tana daga ɗaki tana kirana da muryar da ba ta da ƙarfi, ban ko waiwaya ba. Yaya ta dube ni ta ce, "Auta, ban rene ka don in yi maka rantsuwa ba." Ni kuwa da ƙwarewata sai na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, na kuma faɗa da bakina cewa mai gaskiya ba ya gudun rantsuwa.

Yaya ta juya. Ta shiga ɗakin mai jego ta ɗauki jaririyar ta riƙe na ɗan lokaci, ta gaya wa matan yadda za a ci gaba da wankan, ta ƙulle 'yan zannuwanta a ƙwarya. Akwai fatake masu tashi zuwa Tsafe a ranar, ta bi su. Ina tsaye a ƙofar gida ta wuce ni, ban ce mata ta tsaya ba. Ina jin kaina a lokacin kamar wani alƙali da ya yi adalci mai ɗaci.

Aka yi suna ba Yaya, taro ya yi lami, kowa yana gaishe ni yana kau da kai. Washegarin suna na sa kwalbar a jakar fata, na rataya a kafaɗa, na kama hanyar Bungudu don in kai wa Baba ƙara. Hadari ya janye, rana ta buɗe irin ta bayan ruwa, mai cizo. Tun hantsi nake tafiya, jakar tana manne da bayana, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Duk tsawon hanyar ina tsara jawabina, yadda zan ce Baba ka yafe, na gaza riƙe amanarka, amma na hukunta wadda ta ci ta.

Na isa bayan azahar. Baba yana zaune a inuwar zaure a kan buzu. Na gaishe shi, na zuba jawabin nan tiryan-tiryan, har da 'yar rawar murya a inda ya dace. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya miƙo hannu. Na ciro kwalbar, na ɗaga ta don in nuna masa yatsa biyun nan da idonsa.

Ruwan yana kan zare. Har ma ya ɗan haura shi da kamar faɗin ƙwayar gero.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kwalbar ta suɓuce mini, da Baba bai tare ta ba da ta faɗi ta fashe. Na murza ido na sake duba. Na ɗora yatsuna a wuyan, ba wurin da zan auna. Kaki yana nan, zare yana nan, ba wanda ya taɓa jakar tun daga Gusau sai ni. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne Allah ne ya mayar da ruwan don ya tona mini asiri, kuma yanzu wani bala'i zai sauko mini. Na fara salati ba tsayawa, na rantse wa Baba cewa kwana uku da suka wuce yatsa biyu ne. Ni da na nemi a yi mini rantsuwa, ga ni ina ta zuba ta ba wanda ya tambaye ni.

Hayaniyata ce ta fito da Gwaggo, ƙanwar Baba. Ungozoma ce, rabin mutanen unguwar a hannunta suka faɗo, kuma ba ta raga wa kowa. Ta ji labarin a tsaye, ta sa tafin hannu a jikin kwalbar, ta tambaye ni a ina Yaya take ajiye ta. Na ce cikin yashin randa. Ta tambayi Baba da wane lokaci ya ɗaura zaren, ya ce da la'asar, saukarsa ke nan daga tafiya. Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ai da zahi take. Kai, halan ba ka taɓa dahwa ruwa ba tunda anka haihe ka?"

Gaskiya ne, ban taɓa ba. Yaya ce take dafa mini.

Gwaggo ta karɓi kwalbar ta ce in biyo ta cikin gida. Ta kai ta ƙarƙashin randarta ta binne cikin a jiƙaƙƙen yashi, ta ce in bar ta nan. Akwai wata mai jego a gidan, an ɗora katuwar tukunya ana dafa mata ruwan wankan yamma. Gwaggo ta nuna mini tukunyar, ruwan bai kai baki ba, an bar kamar yatsa huɗu. Ta ce duk macen da ta san aiki ba ta cika tukunyar wanka, don tun kafin ruwan ya tafasa zai taso ya zubo ya kashe wuta. Don in gani da idona ta ɗauko wata 'yar buta mai ƙaramin baki, ta cika ta da ruwan randa har ya yi daidai da leɓe, ta ajiye a gefen murhu. Na tsuguna ina kallo kamar wawa. Butar ba ta ko fara kuka ba sai na ga ruwan ya yi tudu a bakin, ya gangaro ta gefe yana cuwa a kan toka. Ba wanda ya ƙara ko ɗigo.

Ba ta bar ni haka ba. Ta zuba ruwan sanyi a babbar ƙwarya, ta ɗebo mai zafi da moɗa ta tsiyaya a hankali a kai, ta ce in sa hannu har gindi. Sama ya kusa ƙona ni, ƙasa kuwa sanyi ƙalau. Ta ce shi ya sa in ana sirka ruwa sai an motsa kafin mai jego ta taɓa. Ruwa in ya ji wuta buɗe jiki yake, ya yi sako-sako, ya ci wuri, nauyinsa ya ragu, sai ya hau kan mai sanyi ya zauna. In ya huce kuma ya tsuke ya koma yadda yake. A tukunya mai faɗin baki ba ka cika lura ba, amma a siririn wuya irin na kwalbar nan ɗan kaɗan ma sai ya yi tsawo.

Tana magana kunya tana rufe ni, domin na san wannan abu, na san shi a hatsi. In ka zuba gero a mudu sako-sako ya cika, ka girgiza, sai ya yi ƙasa, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Kullum da wannan nake cin abinci. Ni ne mutumin da ya fi kowa cancantar ya tsaya ya tambayi yadda aka yi awon farko da yadda aka yi na biyu.

Can wajen la'asar sakaliya muka koma gindin randa. Gwaggo ta zaro kwalbar ta miƙo mini. Ruwan ya sauka ƙasa da zare, ya kusa yatsa biyun nan nawa. Na tsaya riƙe da ita, na kasa ɗaga kai. Ashe kulawar da Yaya ta yi wa ruwan ce ta saukar da shi. Da ta yi sakaci ta jefa kwalbar a kan danki, can saman ɗaki cikin zafi, da ban taɓa zarginta ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi, ina yayarka. Na ce tana Tsafe. Ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya yanke zaren daga wuyan kwalbar, ya ce laifinsa ne da ya ɗaura alama a kan abin da ya bar wa 'ya'yansa. Ya sa mini guntun zaren a tafin hannu ya ce in kai mata, kwalbar kuma ta zauna a Bungudu.

Kwana uku na yi a hanya, ta Gusau na bi amma ban ko zauna ba. Na same ta a bayan gidan ɗanta tana ɓarar gyaɗar iri. Ta ga zuwana, ta amsa sallama, ta ci gaba da ɓara. Na durƙusa a gabanta, na ba ta labarin buta da ƙwarya da yashin randa, ina ta bayani kamar bayanin ne zai wanke ni. Na ajiye zaren a kan faifanta. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ɗan abu bai kai tsawon yatsa ba.

Ta ce, "Na yahe maka tun ina kan hanya, Auta. Amma shekara talatin kana ganin hannuna. Wanga zare kay yarda da shi, ba ka yarda da ni ba."

Na yi kuka a wurin kamar yaron da ta goya. Ta share mini fuska da gefen zanenta, ta sa aka kawo mini fura. Amma da na ce ta tashi mu koma gida sai ta ce a'a, ɗanta ma yana da haƙƙi a kanta. Na koma sau uku a cikin shekarar, na aika dattawa, Baba da kansa ya sa baki. Ba ta dawo ba. Ɗakinta na Gusau na bar shi yadda yake har ginin ya zube.

Bayan wasu shekaru Baba ya rasu. Aka fasa kakin, aka yayyafa ruwan a likkafaninsa kamar yadda ya so, ya kuma isa har ya yi saura. Ba wanda ya tambayi ko ya cika ko bai cika ba.

Yaya takan zo Gusau in ana suna ko biki, ta yi wasa da 'ya'yana, ta yi dariya da matata, ta kira ni Auta kamar da. Wanda bai sani ba zai ce komai ya wuce. Abu ɗaya ne kawai ya sauya. Duk lokacin da ƙishirwa ta kama ta a gidana, sai ta je gindin randa ta ɗauki moɗa, ta tsaya, ta nemo ni da ido ta ce, "In sha?" Ba da gatse take yi ba, da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta ta daina, ta ce to, amma zuwa na gaba sai ta sake. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara shan ruwa a gidana ba tare da ta tambaya ba.

Na ci gaba da awo har ƙarfina ya ƙare, amma ban ƙara tsayawa a gaban mutane na ce awo ya nuna wane ɓarawo ne ba. Abin da na koya shi ne ruwa ma yana hawa yana sauka gwargwadon zafin da ya sha, don haka kafin ka kama mutum da alama, ka tambayi yaushe aka yi ta, a wane hali, ka kuma tuna shekarun da ka yi da mutumin. Ruwan Baba yini ɗaya ya ɗauka ya koma kan zarensa. Maganar da na faɗa wa Yaya a tsakar gida kuwa, har yau in na ji ƙarar moɗa a bakin randa sai na ji ta.